Bahaguwar Ustad Miraj

Ƙarfe biyar aka rubuta a katin gayyata, amma Dokta Khawar Lodhi ƙarfe uku da rabi ya shigo. Halinsa ke nan. Duk baje kolin zanen da za a yi a Lahore sai ya riga kowa, ya zo ana cikin goge gilasan firam, ya zaɓi abin da zai zaɓa kafin 'yan kallo su cika wurin da turare da surutu. Ina tsaye kan kujera ina gyara fitila na ji muryarsa yana gaisawa da Tehmina Apa, mai gidan nunin. Wallahi saura kaɗan na faɗo.

Bari in faɗa muku abin da ya sa, don kada ku ce tsoron masu kuɗi nake ji. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan tabarmar Ustad Miraj Din, can cikin tsohon gari, ina koyon ƙaramin zane irin wanda ake yi da alƙalamin gashin jelar kurege. A wannan aikin ba a shafa inuwar fuska ko ta tufa, jera ta ake yi da 'yan siraran layuka dubbai, kowanne bai kai gashin ido ba. Mai zane da dama layukansa gefe guda suke karkata, na bahago kuma ɗaya gefen. Ni bahaguwa ce. Ustad kuwa shekara shida ke nan da idonsa ya tafi. Duk zanen da ya fita daga ɗakinsa a shekarun nan da sunansa a ƙasa, hannuna ne ya yi shi. Shi zai faɗi abin da za a zana, ya shafa takardar da yatsa ya ce ta yi ko da saura, ni in zana, in kama hannunsa ya sa suna.

A wurinsa wannan ba komai ba ne. Shi ma shekara ashirin ya yi yana zana wa malaminsa, haka ya tarar ana yi. Amma a gidajen nuni na unguwar Gulberg abin yana da wani suna, sunansa zamba. Ɗansa Shafqat, mai kai zanen kasuwa, ya san haka sarai, shi ya sa ya ɓoye tsohon a ɗaki ya baza cewa ciwon gwiwa ne ya zaunar da shi. Ni kuma ban taɓa iya buɗe baki na gaya wa Ustad yadda mutanen waje ke kallon abin ba. Ta ina zan fara? Mutumin da ba shi da gida nasa, ba shi da gona, sunan nan kaɗai ya tara a duniya. Ranar da maganar ta fita, ranar sunan zai zube.

Dokta Khawar tsohon likitan ido ne. Tara daga cikin zanen waɗannan shekarun suna rataye a falonsa, har dogon sharhi ya rubuta a jarida yana yabon yadda Ustad ya juya hannunsa da tsufa. Saboda Dokta na yi shekara biyu ina zane da takarda a gicciye, don layukana su karkata irin na masu dama, har wuyana ya ƙage. Zane goma sha ɗaya na yi a haka don wannan baje kolin nawa. Na goma sha biyun ne matsalar. Tsohon aiki ne da na yi wa kaina da hannuna yadda Allah ya yi shi, mahaifiyata tana shanya a rufin gidanmu tsakanin tankunan ruwa, jirgin ƙasa yana wucewa kan gada ta sama da kanta. Tehmina Apa ta zaƙulo shi a bayan kabad ɗina, ta ce idan ba shi ba baje koli. Har a katin gayyata shi ta buga.

Ko da na sauko daga kujerar, Dokta yana gaban zanen.

Ya ciro gilashin ƙara girmansa daga aljihun kwat, ya huhhura ya goge da hankici, ya sunkuya. Tehmina Apa ta ƙyafta mini ido wai ciniki ya faɗa. Ni kuwa ƙirga numfashina nake. Ya bi fuskar mahaifiyata, ya gangaro mayafinta, ya tsaya a gwiwar hannu. Ya matsa zane na kusa ya duba, ya sake dawowa. Sau uku yana wannan zirga-zirgar.

"Ghazala Bibi," ya ce bai juyo ba, "wannan da sauran duk mutum ɗaya ne ya yi su?"

"Idan ba aljanu ke shigo mini ɗaki ba, Dokta Sahib, ni ce."

Tehmina Apa ta yi dariyar nan tata ta masu saye. Shi bai yi ba.

"Da wane hannu kike aiki?"

"Da wanda bai gaji ba," na ce. Harshena bai taɓa sanin wurin tsayawa ba, tun ina ƙarama mahaifiyata take faɗa mini.

Ya miƙe, ya dube ni da wannan kallon na likitoci da suke yi wa mutum kamar ba mutum ba. Sai ya zaro katin gayyata da biro ya miƙo mini. "Sa mini hannu a nan. Ina tara su ne, wata rana za ki zama babba, in yi tutiya."

Na gane tarko ne, shi ma ya san na gane. Abin da bai sani ba, malamar ajinmu na ɗaya, Allah ya jiƙanta duk da dai ban yafe ba, ta karya rula uku a bayan hannuna na hagu kafin na koyi rubutu da dama. Zane da hagu nake yi, rubutu da cin abinci da dama. Na karɓi biron da dama na rattaba sunana, har da ƙawata jelar harafin ƙarshe.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ninke katin ya mayar aljihu.

"To, na gane. Kin zauna kusa da malaminki har kin kwafe masa juyin hannu. Ba laifi ba ne ga ɗalibi, amma ki kiyaye. Ustad shekara hamsin ya yi kafin ya kai ga wannan karkatar, ba ado ba ne da za a ara a yafa. Ki nemi naki."

Ku ji fa. Hannuna, da aka haife ni da shi, aka dake ni saboda shi, wai aro na yi.  Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode da gyara, Dokta Sahib." Gara a kira ni mai kwafe sau dubu da a kira tsohon nan macuci sau ɗaya.

Na shige ɗan kicin na baya inda ake jera sambusa da kofunan shayi, na jingina da bango. Na ce an tsallake. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba Tehmina Apa ta leƙo, fuskar nan tata cike da murna.

"Ina da albishir, kuma kada ki ce ban iya riƙe sirri ba. Ustad yana hanya."

"Wane Ustad?"

"Ustad nawa gare ki? Na tura direba tun ƙarfe uku. Shi zai buɗe."

"Apa, ba shi da lafiya. Shafqat Bhai ba zai bari ba."

"Shafqat yana Karachi tun shekaranjiya, shi ya sa na samu shiga. Da kaina na je jiya na roƙi tsohon. Kin san me ya ce? Ko a makara ne a kawo shi." Ta kama kumatuna kamar wata yarinya. "Shekara shida ba wanda ya gan shi, Ghazala. 'Yan jarida uku na kira. Ke ba ki san tallar da na yi miki ba."

Ta je har ɗakinsa ba ta lura ba. Ban yi mamaki ba, Apa ba ta taɓa kallon fuskar mutum idan akwai zane a bangon bayansa. Amma likitan ido fa?

Na kira Shafqat Bhai sau huɗu, wayar a kashe. Na kira direban, ya ce sun wuce gadar babbar magudanar ruwa, saura minti goma. Na fita bakin ƙofa na tsaya, mutane suna shigowa suna rungume ni. Abokan karatuna na makarantar zane, da gashinsu har kafaɗa da jakunkunan ƙyalle, masu jera tubali uku a tsakar ɗaki su ce aiki ne. Matan manya da mayafai masu tsada. Wani ya miƙo mini furanni, ban san wa na miƙa wa ba.

Motar ta tsaya. Na riga direban buɗe ƙofa.

Ya sa doguwar rigarsa baƙa ta zuwa biki, wadda asu ya ɗan ci wuyanta, da hular gashin rago. Allah ya taimake ni yana sanye da baƙin tabarau ɗin da Shafqat Bhai ya saya masa. Na durƙusa na taɓa gwiwarsa, ya lalubo kaina ya dafa.

"'Yata, yau ranarki ce."

"Ustad ji, ku riƙe hannuna kada ku saki. Matakala uku ne. Kuma don Allah, maganar aikinmu na gida..."

"Wane aiki?"

"Wanda muke yi ni da ku. Kada ku..."

Kafin na ƙarasa, Tehmina Apa ta fito da jama'a a bayanta, masu ɗaukar hoto suna haske mu. Ta kama ɗaya hannunsa. Aka shigo da shi ana tafi, shi kuma yana murmushi yana gyaɗa kai hagu da dama kamar yana ganin kowa. Na manne a gefensa ina raɗa masa. Ku ɗan yi dama. Ga kujera nan. Wannan mai gaishe ku mace ce. Mutane suka ɗauka ladabin ɗaliba ne.

Dokta Khawar ya ratso taron. Ya kama hannun Ustad da hannu biyu ya sunkuya, sai dai idonsa yana kan tabarau ɗin.

"Ustad Sahib, Khawar ne. Hasken wurin ya dame ku ne? In sa a rage?"

"A'a, Dokta, bar shi. Tsufa ne ya sa nake yanga irin ta 'yan fim."

Aka yi dariya. Dokta ya ciro gilashinsa ya miƙa. "Ku duba wancan na rufin gida. Ina son jin ta bakinku."

Gilashin yana tsaye a iska, taƙi ɗaya daga ƙirjin Ustad, shi kuwa bai san ana miƙa masa komai ba. Na ga Dokta ya lura. Na yi wuf na karɓa, na ce, "Ustad ji, Dokta Sahib yana ba ku gilashinsa."

"Ya riƙe abinsa," in ji Ustad. "Wanda ya san hannu ba ya neman gilashi. Na san wannan zanen tun yana farar takarda."

Aka sake tafi. Wata mata ta ce kai, manya manya ne. Dokta ya karɓi gilashinsa a hankali, amma bai matsa daga wurin ba. Zufa ta jiƙa mini baya duk da sanyin watan Fabrairu. Na dubi agogon bango. Fatana kawai ya yanke zaren buɗe taro, ya sa albarka, in ce ya gaji, in mayar da shi mota. Minti goma kawai nake roƙon Allah.

Tehmina Apa ta buga cokali a jikin kofi, wurin ya nutsu. Ta yi jawabinta, rabi a kaina rabi a kan gidan nuninta. Sannan ta ce Ustad zai sa albarka.

Na raɗa masa, "Addu'a kawai, Ustad ji. A gajarce."

Ya miƙe yana dafe da kafaɗata. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wani abu siriri naɗe a farin ƙyalle. Da na ga ƙyallen nan na san abin da ke ciki, na kuma san abin da ake faɗa idan za a miƙa shi. Alƙalamin malaminsa ne. A gidan zane, ranar da malami zai yaye ɗalibi, sai ya tsaya gaban shaidu ya lissafa hidimar da ɗalibin ya yi masa, ɗaya bayan ɗaya, ba ya rage komai, don rage ta cin hakki ne.

"Ustad ji," na ce, "ku bari sai mun koma gida."

"A gida wa zai shaida? Ni da kyanwa?"

Jama'a suka yi dariya, wayoyi suka tashi sama.

Ya fara da sunan malaminsa, da malamin malaminsa, har mutum biyar. Ya ce yarinyar nan ta zo masa tana da shekara goma sha tara, bakinta ya fi hannunta kaifi. Shekara guda ta yi tana dama manne tana haɗa takarda. Shekara biyu tana jan layi kawai. Na matse hannunsa, na sake matsewa har na ji ƙashi. Ya ɗauka kunya ce, ya bubbuga hannuna.

"Ni na yi wa malamina zane shekara ashirin, ya sa sunansa, kuma ban taɓa samun daraja irin wannan ba. Amma ni ina yi yana gani yana gyarawa. Ita kuwa," ya sa hannu ya zare tabarau ɗin, "ku duba. Shekara shida da azumin bana ban ga bakin alƙalami ba. Duk abin da ya fita da sunana tun daga lokacin, wanda kuka yaba, kuka rataya a gidajenku, hannun hagun yarinyar nan ne. Ba wanda ya gane. Ko Dokta, da yake masani, bai gane ba. To, wace shaida ta fi wannan? Ga alƙalami, 'yata. Kin zama malama."

Ya miƙo shi wajen da yake zaton nake. Idanun nan farare fat, suna kallon bango.

Wurin ya yi tsit. Ina jin ƙarar injin wuta na maƙwabta, da wani da ya ajiye kofi a hankali. Tehmina Apa ta toshe baki da hannu, ita ce ta sayar da bakwai cikin taran da ke falon Dokta. Wani saurayi a baya ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye. Hannun Ustad yana nan a miƙe.

Na karɓa da hannu biyu. Na sumbaci ƙyallen na ɗora a goshi, kamar yadda ake yi. Me ya rage kuma?

Dokta Khawar ya matso dab da ni. Fuskarsa ta yi ja har kunne, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Kin tsaya kina kallona ina yi miki wa'azi a kan hannunki."

"Dokta Sahib, shi bai san..."

"Na ga bai sani ba. Ke kin sani, ɗansa ma ya sani. Ni na rubuta sharhin nan da sunana, ni zan warware shi da sunana. Gobe jarida za ta ji daga bakina kafin ta ji daga bakin waɗannan yaran."

Ya juya ya fita, mutane suna ba shi hanya. Sai surutu ya ɓarke gaba ɗaya, kowa da na kusa da shi, ba mai kallonmu kai tsaye. Ɗaya daga cikin 'yan jaridar ya nufo mu da waya a hannu, na watsa masa kallon da ya sa ya tsaya inda yake. Na mayar wa Ustad tabarau ɗinsa, na kama hannunsa na ja shi waje. Tehmina Apa ba ta raka mu ba, direbanta ma ban ga ƙeyarsa ba.

Muka tsaya bakin titi ina ɗaga wa riksha, adaidaita sahun nan garin, hannu. An fara kiran magariba. Haushinsa nake ji kamar in yi ihu, ina kuma jin kamar in zauna a ƙasa in rungume ƙafafunsa in yi kuka. Laifina ne. Shekara shida ina da baki, ban yi amfani da shi a inda ya kamata ba.

"Ghazala."

"Na'am, Ustad ji."

"Na ji sun yi shiru. A wajenmu idan aka miƙa alƙalami, kowa tashi yake ya yi barka, a raba alewa. Ko na manta wani abu ne cikin hidimarki ban faɗa ba?"

"Ba ku manta komai ba."

"To, me ya sa?"

Riksha ta tsaya a gabanmu tana tari. Na dubi fuskarsa, yana jira, kansa a ɗan karkace wajen muryata. Gobe Shafqat Bhai zai dawo da jarida a hannu, zai karanta masa da ƙarfi, kalma bayan kalma. Wannan na goben ne.

"Mutanen nan ba su san al'adar ba ne, Ustad ji."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Allah sarki. Ba wanda ya koya musu. Kada ki riƙe su a zuci, 'yata, kada ki bari su ɓata miki ranarki." Ya laluba aljihun gefe ya fito da wata 'yar leda. "Na san za a rina, shi ya sa na taho da tawa alewar. Ungo, ki fara ba mai riksha."